Diyyar Itatuwan Roba

Ranar da ba ta fita raina ba, mu uku ne a ofishin manaja: Oga Martin, Bilkisu 'yar Kaduna mai yi mana tafinta, sai ni Hajiya Dije mai shayi. A 2018 ne, a wani kamfanin roba da ke Jebel Ali a Dubai. Saura wata biyu bizata ta ƙare. A Dubai kuwa, in kamfani bai sabunta maka ba, sai gida.

Kamfanin na shirin bikin tunawa da kafuwarsa. Sun rataye babban hoton gonarsu ta roba a ƙasar Bama, gonar da aka ƙone lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bilkisu, sarkin surutu, ta riga ta gaya wa Oga cewa mahaifina ya je yaƙin Bama.

Ta ce, "Inna, so yake ki hau dandamali ki ce Baba ya yi yaƙi don ceto gonar nan. Magana biyu, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Tambaye shi, da aka ƙone gonar, wa ya ɗauki asarar?"

Oga ya amsa da fara'a. Wai bayan yaƙi kamfanoni suka kai ƙorafi, aka aiko masu ƙiyasi suka duba ɓarna, gwamnati ta biya diyya. Da ita aka sake dashe.

Na ce, "To, gaya masa Baba bai taɓa ganin itacen roba ba. Dako ya yi wa soja, akwatin harsashi bisa gammo. Ya dawo wuya a karkace, har ya rasu sai ya juya jiki duka yake duban mutum. Ba wanda ya zo ƙiyasta wuyan. In na hau, abin da zan faɗa ke nan."

"Haba Inna, bizarki fa!"

"Fassara, 'yar nan. Kar ki rage."

Ta fassara. Oga ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce a bar maganar. Bizar ma haka aka bar ta, ba a sabunta ba.

Abin da aikin nan ya koya mini: kamfani ba ya manta abin da ya dasa, mutanen da suka yi dako ne ba ya riƙewa.

Washegari na zo a kan lokaci. Na naɗe tsohon mayafina na yi gammo, na ɗora tiren shayi a ka, na kai wa Oga nasa, wuyana a miƙe.