Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Farina

A lokacin ina zaune a unguwar Ard al-Liwa a ƙasar Larabawa, mijina ya rasu, ina aikatau a wani gida a Dokki. Ɗa ɗaya gare ni, kuma ɗan fari. Yadda aka rene ni, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tare masa faɗa a gaban mutane. Na riƙe wannan kunya kam, har ina taƙama da ita a ƙasar mutane.

Yana tashen balaga aka kama shi da wasu yara biyu 'yan ƙasa, sun saci tattabarun maƙwabci a saman bene. Aka kira mu iyaye gaban wata ma'aikaciyar kotun yara. Uwayen waɗancan suka rungume 'ya'yansu suna kururuwa suna rantsuwa. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ko kallon nawa ban yi ba. Ta tambaye ni ko yaron kirki ne, na ce ba ya jin magana, su hora shi. A gida haka ake cewa, babba ya ja kunnen yaro ya sallame shi. Ita kuwa ta ɗauka ba na sonsa. Waɗancan suka koma gida, nawa aka tura shi gidan gyaran hali. Na yi safa da marwa a ofisoshi, kowa sai ya ce min ma'alish, wato na yi haƙuri, alƙali ya riga ya yanke hukunci.

Duk ranar ziyara ina zuwa da dambun nama. Ya karɓa ya yi godiya kamar baƙo. Na ga kansa a aske, na ga tabo a wuyansa, na tambaya ya ce ba komai.

Ranar da aka sallame shi, a bakin ƙofa na ajiye kunyar, na kira sunansa karo na farko a rayuwata. Ya ƙame, hannuwa a baya, ido a ƙasa, ya amsa min da Larabci yadda suke amsa wa masu gadi. Wallahi ji na yi da ma ƙasa ta tsage na shige.

Iyaye 'yan'uwana, musamman mu da ke ƙasar waje, kunya abu ne mai kyau a inda aka san ma'anarta. Idan hukuma ta tsare ɗanki, buɗe baki ki ce naki ne, kina sonsa, ya ji da kunnensa. Nawa ya girma, yana aiki a Abbasiya, yana kula da ni. Amma har yau idan na kira sunansa, miƙewa yake yi tsaye.