Ƙirgen da Tito Teryo Ya Koyar

Ranar Asabar, 9 ga Satumba, 2006, da ƙarfe biyu na rana, Eleuterio Dimayuga ya fara haɗuwa da ƙungiyar ɗaliban Filifin ta wata kwaleji a Rotterdam, ƙasar Holan. Ba shiga ƙungiya ta kai shi ba. Shi kuku ne a ɗakin cin abincin kwalejin, ya hau bene ne ya karɓo tukunyar da suka ara suka ƙi mayarwa. Ya tarar da mutum goma sha ɗaya a ɗaki mai lamba 214 suna rawar gora, biyu na buga gorori a ƙasa, sauran na tsallake, ana ƙirga musu taku da yaren Holan.

"Kai! Wa ya ce muku gora na jin wannan yaren?" in ji shi. "Shi ya sa take cin idon sawunku. Ku ce isa, dalawa, tatlo!"

Suka dakatar da rawar. Duk a nan aka haife su, 'ya'yan ma'aikatan jinya da na jirgin ruwa, abin da suka iya na Tagalog, yaren iyayensu, bai wuce sunayen abinci da zagi biyu ba. Wani dogo mai suna Joris Magbanua, ɗan shekara sha tara, ya gwada, harshensa ya harɗe.

"Sake, Cuku," in ji kukun. "Bakinka cike yake da cuku, tofar ka sake."

Aka fashe da dariya, sunan kuma ya bi Joris. Tun daga ranar suka riƙa ce wa kukun Tito Teryo, wato Kawu Teryo, ya zama malaminsu na Tagalog kowace Asabar. Rajistar ƙungiyar ta nuna cikin wata takwas sau ɗaya ya yi fashi.

An haife shi a garin Lipa na ƙasar Filifin a 1967, ya yi shekara sha huɗu yana girki a jiragen ruwa kafin ya zauna a tudu. Abin da ya fitar da shi gida kuwa ba ya faɗa wa kowa. A 1988 yana babba a wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai a Manila, irin wadda ba a shigarta sai an sha duka da katako a bayan cinya. Shi ya riƙe katakon ranar da wani ɗalibi, Crisanto, ya faɗi. Shi ne kuma ya ce a sa masa ƙanƙara, zuwa gobe zai warware. Crisanto bai kai goben ba.

A watan Fabrairun 2007 Rodel Villaruel ya zo daga Manila karatun digiri na biyu. Yana da baki, yana da fara'a, nan da nan samarin ƙungiyar suka kewaye shi. Joris ya fi kowa, domin shi ya fi kowa jin zafin tsokanarsa.

"Kai ɗan Filifin ne a bakin tukunya kawai," Rodel kan ce masa. "Uwarka ta haife ka, amma wa ya shaida? Ɗan ƙasa a jikinsa ake gani."

Ranar 5 ga Mayu aka ƙirga gororin rawa aka ga uku maimakon huɗu. Ranar 12 ga wata Joris ya yi darasi duka a tsaye, ya jingina da bango, da aka ce ya zauna sai ya dafa tebur da hannu biyu ya sauka a hankali kamar tsohuwa. Tito Teryo ya ga wannan zama. Ya san shi.

"Cuku, me ya sami ƙafarka?"

"Keke ne, Tito."

"Keken ya bi ta bayan cinya biyu?"

Joris ya kau da kai.

Asabar ta gaba, 19 ga Mayu, mata takwas suka zo darasi, namiji ko ɗaya babu. Tito Teryo ya ajiye alli da ƙarfe uku saura kwata, ya sauka ƙasan ginin inda ake ajiye tsofaffin kujeru. Tun daga matakala ya ji sautin: tim, sai shiru, sai murya tana ƙirge da Tagalog. Muryar Joris ce. Ƙirgen tsaf yake fita, babu harɗewa, kamar yadda ya koya masa. Ya kai talatin da bakwai.

Tito Teryo ya banke ƙofa. Samari biyar na tsaye jikin bango. Joris na sunkuye, an ɗaure masa ido da riga, ya riƙe bayan kujera. Rodel na riƙe da guntun gorar rawar nan da ta ɓace, wadda aka yanke. Cinyoyin Joris sun yi baƙi ƙirin kamar ɗinya, sun kumbura har fata ta tsage, wannan ne mako na uku da ake dukan wuri ɗaya. Kafin kowa ya yi magana ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya zube. Fitsari ya kuɓuce masa a siminti, launinsa kamar baƙin shayi.

"Ƙodarsa ce," in ji Tito Teryo. "Asibiti, yanzu."

"Haba Tito, ka koma wajen tukwanenka," in ji Rodel, yana murmushi. "Harkar maza ce. Ƙanƙara za mu sa masa, zuwa gobe ya warware."

Tito Teryo ya ji maganarsa ta shekara sha tara a bakin wani. Ya zaro waya. Gorar ta sauka a bayan hannunsa na dama, aka ji ƙas, wayar ta tarwatse, yatsu biyu suka juya baya.

"Ku rufe ƙofa!" Rodel ya daka tsawa. "In 'yan sanda suka shigo, dukanmu an kore mu. Kuna so iyayenku su ji?"

Biyu suka tare ƙofar. Tito Teryo gajere ne, ga tumbi, ga shekara arba'in, amma ya yi zaman jirgi. Ya duƙa ya soki Rodel da ka a ciki, suka faɗa kan kujeru. Rodel ya riga shi tashi, ya shiga zabga masa gora, a kafaɗa, a haƙarƙari, ta uku a fuska. Bakin gorar da aka yanke da kaifi, ya tsaga gira ya shiga idon hagu. Jini ya wanke masa rabin fuska. Ya laluba da hannun hagu ya kama ƙafar wata karyayyiyar kujera, ya maka wa Rodel a gwiwa, ya ƙara masa a muƙamuƙi. Haƙora biyu suka faɗo. Rodel ya kwanta yana gurnani, bai sake tashi ba.

Tito Teryo ya juyo kan masu tsaron ƙofa, itacen na hannunsa, jini na ɗiga daga haɓarsa.

"Ku 'ya'yan wa? Ni na koya muku gaida uwayenku da yarensu. Ku matsa, ko in bi ta kanku."

Suka matsa.

Ya durƙusa ya kwance wa Joris ido, ya ja shi ya goya. Joris ya riƙe masa wuya, bakinsa a kunnensa.

"Tito, don Allah ka sauke ni. Saura goma sha uku kawai in gama."

"Rufe min baki, Cuku. Na taɓa ganin wanda ya gama."

Matakala ashirin da biyu ce daga ƙasan ginin zuwa tsakar kwalejin. Ya hau su da mutumin da ya fi shi tsawo a bayansa, ƙafafun Joris na jan ƙasa. A ta ƙarshe ya faɗi, matan ajin suka taho da gudu suna ihu. Takardar motar asibiti ta nuna an kira da ƙarfe uku da minti huɗu. Likita ta ce da an kwana, da gawa za a kawo.

Joris ya yi mako shida ana wanke masa jini da inji, ƙodarsa ta dawo aiki. Kotu ta ɗaure Rodel wata goma sha huɗu, daga baya aka mayar da shi Manila. Aka kori samari biyu, kwalejin ta rufe ƙungiyar shekara guda. Wasu iyaye suka daina gaida Tito Teryo a coci, wai ya tona asirin 'yan ƙasa a gaban Turawa.

Idonsa na hagu bai sake gani ba, yatsun nan biyu ba sa lanƙwasuwa, wuƙa ta gagare shi riƙo. Ya bar girki ya koma gadin wurin ajiye kekuna na kwalejin. Da aka buɗe ƙungiyar a Satumban 2008 ya koma darasinsa, a makon farko ya ba su labarin Crisanto da bakinsa, bai rage komai ba. Ya koyar har 2019, sannan ya koma Lipa wajen ƙanwarsa, inda yake zaune yanzu. Joris ne ke riƙe da ajin Asabar a ɗaki mai lamba 214.