Labulen Masunci

Ban taɓa ganin teku ba, amma yau shekara huɗu ina share masa ƙura. Maigidana mai fenti ne. Suna gyaran wani otel a nan Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, irin wanda masu hawa dutsen Assekrem ke sauka, sai mai otel ɗin ya ce a kwashe tarkacen bango a zubar. Maigida kuwa ko murfin gwangwani ba ya iya zubarwa. Da azahar sai ga shi da wani zane a hammata.

Na karɓa na duba, na ce, "Wannan ai ƙudaje ne suka yi biki a kai." Ɗigo-ɗigo ne kawai, shuɗi da rawaya da ja da fari. Ya rataya shi a ɗakin baƙi, ya ja ni da baya har bakin ƙofa. A nan ɗigon suka haɗa kai. Ruwa ya shimfiɗu iyakar gani, rana na wasa a kansa, ga ɗan kwalekwale, ga mutum a ciki ya sunkuya yana jan koma. Na matsa gaba, teku ya watse. Na ja baya, ya dawo. Ranar sai da miyata ta kama.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, daga ƙofa ruwan kore ne, amma in kin kai hanci kin bi shi kaf, babu kore ko ɗigo ɗaya. Shuɗi ne zaune kusa da rawaya, ido ne ke dama su. Maigida, da ke wuni yana dama fenti a bokiti, ya ce ragwanci ne, mutum ya bar wa mai kallo aikinsa. Ni da ke tsintar shinkafa ƙwaya-ƙwaya na san ba rago ne ya yi shi ba.

Muna zaune lafiya da tekunmu har surukata ta zo daga Damagaram. A ɗakin baƙi muka sauke ta. Kwana biyu ba ta ga komai ba, don a gindin zanen take zama. Rana ta uku ta fito alwala, za ta koma, ta tsaya cak a ƙofa.

"Ke 'yar nan, wane ne wancan?"

"Masunci ne, Inna."

"Kwana biyu ina salla da ƙato a kaina, ba wanda ya faɗa mini?"

Ta ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai surar mutum, don haka ko shi ya fita ko ita. Ta ja tabarmarta tsakar gida, cikin rana. Ni ma abin ya jima yana sosa mini rai. Ina tsoron Allah, kuma ina son tekuna.

Maigida ya kirawo malamin da ke karantarwa a masallacin unguwarmu, mutumin Maradi. Malam ya shigo kai tsaye har jikin bango, ya gyara tabarau.

"Ina mutumin? Ni ɗigo nake gani. Hajiya, ɗigo ba shi da rai."

"Allah gafarta Malam, ja baya," in ji Inna.

Ya ja baya. "A'a. Ga shi kuwa, har da hula."

Sau uku yana gaba yana baya, maigida ya fake da tari ya fice. Daga ƙarshe Malam ya ce sura dai kai ce, in an shafe kan, sauran ba shi da bambanci da itace.

Washegari na dama bula ta wanki a murfi, na ɗauki tsinken ashana, na hau kujera. Sai dai a kusa babu kai, babu masunci. Dole Inna ta tsaya a ƙofa tana ba ni hanya.

"Ƙasa kaɗan. Wannan gajimare ne. Dama. Kin wuce shi, ke kam idonki ado ne?"

Da ƙyar muka gano kan. Ɗigo biyar ne, biyu ruwan ƙasa, ɗaya ja, ɗaya ruwan goro, ɗaya ban san sunan launinsa ba. In na ɗiga musu shuɗi, daga ƙofa ruwa ya rufe shi ke nan. Sai samarin ƙasarmu suka faɗo mini a rai, masu kwaɓa siminti, waɗanda kan zo cin tuwo a ƙofar gidana. Wata rana ɗayansu zai ce ya yi arewa neman tsallaka teku, a gan shi a garin In Amguel bisa mota, daga nan shiru. Na mayar da tsinken cikin murfi.

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, ba zan iya nutsar da shi ba."

Ta ƙura wa masuncin ido daga ƙofa. Sannan ta ce, "To wa ya ce ki kashe ɗan mutane? Sa shi a kulle. Yi masa labule."

Na ɗauko ragowar farin fentin maigida, na fara ɗiga wa kwalekwalen irin ƙyallen nan da iska ke tura jirgi da shi, daidai gaban masuncin. Inna na ƙofa tana faɗa.

"Ƙanana mana, ba masa kike toyawa ba."

Da na gama ta ce ya yi kama da filasta a goshin yaro. Ita da kanta ta ce in tsarma rawaya a tsakani, in sa shuɗi kaɗan ta gefen inuwa. Matar da jiya ta so a kai zanen bola. Na yi yadda ta ce, na sauko na tsaya kusa da ita, sai ga ƙyalle ya kumbura da iska. Ya ɗan karkace, ya fi kama da zanen ɗaurawa da aka shanya, amma mutum dai ba ya ganuwa.

Malam ya leƙo da la'asar, ya duba daga ƙofa, ya ce babu laifi. Inna ta naɗe tabarmarta ta koma ɗaki. Tana shimfiɗawa ta ɗaga kai ta ce, "Ai gara da ya samu inuwa. Tun yaushe bawan Allah yake cikin rana."