Ƙarin da Ya Zaunar da Mai Kitso

Duk layin da Mai Kitso aka san ta. Shagonta ɗan tsukuku ne tsakanin mai cajin waya da mai gyaran takalmi, kujera biyu, madubi mai tsaga a gefe, sai fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da mataji. Siririya ce, ga saurin hannu ga saurin baki. Takan kwance wa mace ɗankwali ta ce, "Wannan kai ne ko daji? A miƙo mini adda."

Da ta fara ƙiba, barka aka riƙa yi mata. "Lallai maigida ya iya kiwo," in ji matan da ke zuwa kitso, ita ma ta taya su dariya. Sai dai ƙibar a karkace ta zo. Fuska ta cika fam, tozo ya fito a bayan wuya, ciki ya turo gaba, hannaye da ƙafafu kuwa sai tsukewa suke yi. Ko ƙofa ta goge ta, sai jini ya kwanta a wurin. Daga baya gashi ya tsiro mata a haɓa, na kanta kuma yana bin mataji.

Ta rage abinci har jiri na ɗibar ta, amma a banza. A asibitin unguwa aka ce hawan jini ne. Da ta koma aka ce har da ciwon suga, aka kuma ce ta daina ci da yawa.

"Yaya, me nake ci?" ta tambayi yayarta a hanya, tana share hawaye da mayafi.

Wata rana ta yunƙura daga kujera ta kasa tashi, sai matar da take wa kitso ce ta ɗaga ta, kai rabi a tsefe. Ranar ta rufe shago. Ɗakinsu a saman bene yake, cinyoyinta kuma sun daina ɗaukar matakala, sai ta koma zaman taga. Daga nan take hango matan da ta saba da kawunansu suna wucewa da kitson wani hannu. Abu kaɗan ta hau mijinta da faɗa, ya fita, ta zauna tana kuka ba ta san dalili ba.

Yayar ce ta kafe sai an je babban asibiti. A baya mijin ya goya ta ya sauko da ita. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta sa aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗauki hoton ciki, sannan ta zaunar da su.

"A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin da jiki ke jure wahala da shi. Ƙari ne ya fito a taki ta hagu, yana zuba shi ba tsayawa. Ba cin abinci ne ya ja miki ba."

Mai Kitso ta dubi mijinta, ta dubi likita. "Don Allah ki sake faɗa, ya ji."

An sha ɗage aikin cire tsokar hagun saboda jininta ya ƙi sauka. Da aka yi, aka tarar ƙarin ba ciwon daji ba ne. Amma tsokar dama ta daɗe ba ta aiki saboda ta hagun ta danne ta, sai an jira ta farka. Kafin nan kullum sai Mai Kitso ta sha ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin, in ta yi fashi ranta na iya tafiya. Gaɓoɓinta suka hau ciwo fiye da da.

"Sai yaushe?" ta tambayi likita.

"Wasu watanni, wasu ya wuce shekara," in ji likita.

Har yanzu tana jira. An ba su allurar gaggawa saboda ranar da amai zai hana ta haɗiyar ƙwaya, mijin kuwa mutum ne mai tsoron allura. Da hantsi yakan zauna bakin gado yana gwadawa a jikin lemo, yana zufa, ita tana kwance tana kallon hannunsa.

"Miƙe allurar sosai," takan ce. "Sake."