Ranar da Sha Biyu da Rabi Ta Koma Biyar

Mako uku na yi ina koya wa 'yan aji shida tarawa da ɗebewar lambobi masu ɗigo, a wata firamare da ke tsakanin Aliero da Jega. Tun aji ɗaya an saba musu da jera lamba daga hannun dama, kuma abin da yaro ya haddace da bulala ba ya fita da alli. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe: ɗigo ƙarƙashin ɗigo. Har igiyar guga na aro, muka auna, muka ƙulla mata wata, don su gani da idonsu cewa abin da aka ƙara wa ba ya raguwa.

Yara goma kacal makaranta za ta tura jarrabawar shiga makarantar kwana, don haka aka yi gwajin tacewa. Tambayoyi da takardar amsa duk daga ofishin ilimi suka zo, a buge, da hatimi. Tambaya ta bakwai ta ce a tara 12.5 da 3.75. Takardar amsa ta ce 5.00. Wanda ya shirya ta ya jera daga dama, kamar ɗan aji biyu, ya tara, ya ɗiga ɗigonsa inda ya ga ya fi kyau.

Akwai wata yarinya mai zama kusa da taga, 'yar wani manomin albasa. Ta rubuta 16.25. Bisa takardar ofis ta faɗi, ta zo ta sha ɗaya, maki guda tsakaninta da yaron da ya zo na goma, wanda ya rubuta biyar.

Na ɗauki takardarta da ta ofis na shiga wurin hedimasta.

"Ranka ya daɗe, an ƙara wa sha biyu da rabi, ta koma biyar."

Ya gyara tabarau, bai dubi lissafin ba, hatimin ya duba. "Malam, wagga takarda daga ohis ta hito. Mi kaka so in yi?"

"A gyara."

"Kai ka hi su sani ke nan?"

"A wannan tambayar, ko yarinyar nan ta fi su."

Ya yi dariya, ya ce Malam akwai zafin kai. Na ɗauki alli na yi masa lissafin a kan teburinsa. Ya gani sarai, na ga ya gani, don sai da ya goge shi da hannun riga. Sannan ya yanke hukuncin da har yau in na tuna shi nakan ajiye cokali: a ba kowa maki, mai biyar da mai sha shida. Kada a ɓata wa ofis, kada a ɓata wa Malam. Na karanta littattafai da dama, ban taɓa cin karo da inda aka yi sulhu tsakanin amsoshin lissafi ba sai a ɗakin nan.

Suka yi kunnen doki, ita da yaron. Hedimasta ya ce a ɗauko rajista, wanda ya fi zuwa makaranta shi ne zai tafi. Ita kuwa ta yi fashin kwana tara lokacin dashen albasa, kamar rabin ajin. Shi mahaifinsa tela ne, ba ya dashe. Aka rubuta sunan yaron. Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa shekara biyar ya yi.

Washegari bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi.

"Malam, in ta sake hitowa, wacce zan rubuta? Taka ko ta ohis?"

Na ce ba tawa ba ce, ta lissafi ce, ta rubuta sha shida da ɗigo biyu biyar ko da gwamna ne ya sa hannu a kan biyar.

Ta ce, "To, Malam." Irin "to" ɗin da ake ce wa babba idan ba a son jayayya da shi.