Bishiyar da Ka Ɗaura wa Jan Ƙyalle

Ranar Talata, huɗu ga Nuwamba, da hantsi, Allah ya yi wa Malachy Dwan rasuwa a gonarsa da ke bayan ƙauyenmu, nan Tipperary a ƙasar Ireland. Yana sare ɗaya daga cikin matattun bishiyoyinsa na ash, itacen da ake sassaƙa sandunan wasa da shi, reshe ya ɓalle ya faɗo masa. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Shi ya sassaƙa kusan duk sandar hurling, wasanmu na gargajiya na buga ƙwallo da sanda, da aka riƙe a yankin nan, kuma abokina ne tun muna firamare.

Malachy, da hannunka ka dasa wadda ta kashe ka. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan.

Ina nan shekarar da ka sayar da shanun babanku ka dasa ash dubu uku a makiyayar. Kowa ya ce ka zautu, har da ni. Ka ce sai bishiya ta shekara talatin gindinta ke isa sanda, amma kai ba ka gaggawa. "Ai ba don kai na dasa ba, Fintan," ka ce. "Kai ko ƙyauren ƙofa aka ba ka ka tsare gida, sai ƙwallo ta wuce."

Haka bakinka yake, amma da matata ta rasu kai ka zo ka fitar da ni daga gida. Wata biyu ka sa ni gogar sanduna a shagonka, wai aiki ya yi maka yawa. Na san in na tafi sake su kake yi, don ban iya ba.

Saura kaɗan bishiyoyin su isa sara wata cuta ta zo. Wata fumfuna ce da iska ke yawo da ita. Ganye ya yi baƙi, rassan sama suka bushe, itacen ya koma mai saurin karyewa. Masana suka zo, suka duba, suka sha shayin matarka Nuala, suka ce babu magani. 'Yarka Gráinne, da ka koya wa sana'ar, ta tafi neman aiki birnin Limerick. Ranar jana'izarka matasa suka jeru a ƙofar coci suka ɗaga sanduna aka wuce da kai, na ƙirga, rabinsu na gora ne, ba na ash ba.

A cikin dubu ukun nan, guda ɗaya ce ta rage da cikakken ganye. Ka ɗaura mata jan ƙyalle don kada masu sara su taɓa ta. Ka ce daga irinta za a sake dasawa, wata rana Gráinne ta dawo shago. "Bishiyar nan taurin kai gare ta, irin na Nuala," ka ce. Kullum bayan coci sai ka ja ni mu je mu dube ta.

Ga abin da ban gaya maka ba. A watan Agusta na ga tabon a jikinta, baƙi, dogo, ta gefen katanga inda ba ka zagayawa. Na san ma'anarsa. Na juyo na ce maka lafiyarta lau. Wata uku ina ɗauke da wannan ƙaryar, da na ga kana murmushi sai bakina ya mutu.

Jiya na kasa daurewa, na faɗa wa Nuala a kicin. Ta ajiye buta, ta dube ni.

"Haba Fintan! Ai tun Yuli ya gani. Cewa ya yi kada in gaya maka, wai ba za ka iya ɗauka ba."

Ashe kowane Lahadi mu biyu muke tsayawa gaban bishiyar da ke mutuwa, kowa na yaba ta don ɗan'uwansa.

Ubangiji ya jiƙanka, Malachy, ya yafe maka, ya ba ka hutu. Ya ba Nuala da Gráinne da jikokinka haƙuri, mu ma ya ba mu. Ƙyallen yana nan inda ka ɗaura. Na je da safe zan kwance shi, na kasa.