Neman Ire-iren Rota daga Babura zuwa Gwiwa

Litinin, Babura

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gidanmu a Kazaure, rungume da akwatin ƙanƙara. Aikin karatuna ne ya fitar da ni. Ƙwayar rota, mai sa ƙananan yara gudawa da amai, iri-iri ce, ina son in gano waɗanne ire-ire ke yawo a yankinmu. Sai da ɗan kashin yaro mara lafiya daga kowane gari ake ganewa, gari ɗaya ya ɓace aikin ya gurgunce.

Mun wuce Kanya Babba rana na fitowa, gero ya yi kai, raɓa na sheƙi a ganye. A shingen hanya ɗan sanda ya ƙwanƙwasa akwatin.

"Hajiya, lemo ne?"

Malam Sabo direba ya ce, "Yallaɓai, buɗe ka sha."

Da na faɗa masa abin da za a zuba ciki, da sauri ya ɗage shingen. Kafin azahar iyaye uku sun amince in ɗebi kashin yaransu a ɗakin shan magani na Babura. Na ci ɗanwake, na kwana gidan gwaggona.

Talata, Roni da Gwiwa

Roni ba ta ba ni wahala ba, duwatsunta ma sun so su shagaltar da ni. Ƙarfe biyu ɗan acaɓa ya sauke ni a ɗakin shan magani na Gwiwa. Yarinya ɗaya ce mai gudawa ranar, Hanne, tana cinyar kakarta ana ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Uwar ta yarda, kakar ta ƙi.

"'Yar nan, kashin yaro binne shi ake yi. Ba a ba baƙo. Wa ya san hannun da zai faɗa? Kuma zawon haƙori ne, meye na kallo?"

Ƙanƙarata ta fara narkewa. Na durƙusa.

"Iya, in an zubo miki gero da maiwa a faifai, za ki rabe su?"

"Ko ido rufe."

"To, haka cutar nan take. Sai an san irin da ke garin nan za a san ko ɗigon rigakafin da ake ba jarirai yana tare shi."

Ta dubi Hanne. "In kin gama leƙen naki, ina za ki kai shi?"

"Ƙonawa ake yi, Iya. Ba a rubuta suna, lamba kawai."

"A gabanki za a ƙona?"

"Zan tsaya."

Ta karɓi 'yar kwalbar da na zo da ita, ta ɗiba da kanta, ta murɗa murfin da ƙarfi.

Komawa gida

Na iso Kazaure ƙarfe shida saura kwata, da sauran ƙanƙara a akwati. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa direbobi da iyayen yara. Ranar ƙonawa ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce in tafi, aikinsa ne. Na ce masa akwai wata tsohuwa a Gwiwa, na ja kujera na zauna.